TARIHIN STOVER KULP (1894-1964) DA IBADAR EKKLESIYAR 'YAN'UWA

Duk wanda ya yi yawo a Maiduguri, ko Mubi, ko Jos, ko Kaduna, ko Kano, ba zai rasa ganin majami'a mai ɗauke da haruffan nan uku ba, wato EYN. Ma'anarsu ita ce Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. Mu da ke nan yammacin Jihar Katsina mun fi sabawa da ECWA da Katolika da Angalikan da Baftis, shi ya sa da yawa daga cikin ɗalibanmu ba su san tushen waɗannan 'yan'uwa ba, balle yadda suke sujada. Mun ga ya dace mu kawo tarihin mutumin da ya fi kowa daɗewa cikin aikin kafa wannan ikilisiya a ƙasarmu, wato Harold Stover Kulp. Amma ba za a gane rayuwarsa ba sai an fara gane irin bangaskiyar da ta raine shi, domin abin da ya koya tun yana yaro shi ne ya ɗauko ya kawo mana.

Tushen 'Yan'uwa a Ƙasar Jamus

A shekara ta 1708, a wani ƙauye mai suna Schwarzenau a ƙasar Jamus, mutum takwas, maza biyar da mata uku, suka shiga kogin Eder aka yi musu baftisma. Jagoransu shi ne Alexander Mack, wanda sana'ar gidansu niƙa hatsi ce. A wancan zamani doka ta tilasta wa kowa bin ikilisiyar da sarkin ƙasarsa yake bi, kuma kowane jariri sai an yi masa baftisma. Waɗannan mutum takwas suka yi ta nazarin Sabon Alkawari tare, suka ga cewa baftisma ta wanda ya ba da gaskiya ce da hankalinsa, kuma babu tilas cikin sha'anin addini. Wannan ya jawo musu tsanani. An ƙwace dukiyar waɗansu, an ɗaure waɗansu. Daga baya suka yi ƙaura zuwa jihar Pennsylvania ta Amurka, ƙungiya ta farko a 1719, shi kuma Mack da sauran a 1729. Ba su ɗauki sunan wani shugaba ba, suna kiran junansu 'yan'uwa kawai, har sunan ya bi su. Ko a Amurka ba su taɓa zama babbar ɗarika ba. Yawancinsu manoma ne masu sauƙin rayuwa.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Stover Kulp ranar 29 ga watan Satumba, 1894, a gidan manoma kusa da garin Pottstown a jihar Pennsylvania. Ya tashi cikin ikilisiyar Coventry, wadda tana ɗaya daga cikin ikilisiyoyin 'Yan'uwa mafi daɗewa a Amurka, domin tun 1724 aka kafa ta. Ya san aikin gona tun yana ƙarami. Ya yi makarantar horon malamai, ya koyar na ɗan lokaci, sa'an nan ya shiga Kwalejin Juniata ta ikilisiyarsu, ya gama a 1918. Bayan haka ya yi aikin fasto, har ya riƙe ikilisiya a babban birnin Philadelphia. A 1921 ya auri Ruth Royer, wadda suka yi karatu tare, ita ma tana da nufin aikin bishara a ƙasashen waje.

To, mece ce koyarwar da wannan yaro ya taso a ciki? Bari mu ɗan tsaya mu duba ta ɗaya bayan ɗaya.

Bangaskiya da Sujadar 'Yan'uwa

Da farko, 'Yan'uwa ba su rubuta wata shaidar bangaskiya ta kansu da za a haddace ba. Sun ɗauki Sabon Alkawari gaba ɗaya a matsayin ka'idarsu, musamman koyarwar Yesu a bisa dutse da ke cikin Matiyu sura 5 zuwa 7. A wurinsu ba a gane mai bi da yawan abin da ya sani, sai da abin da yake aikatawa.

Na biyu, baftisma. Ba sa yi wa jarirai, sai dai iyaye su kawo su a miƙa su ga Allah da addu'a. Wanda ya yi hankali ya tuba, shi ne ake kai wa ruwa. Yakan durƙusa a cikin ruwan, fasto ya nutsar da shi ta gaba har sau uku, sau ɗaya cikin sunan Uba, sau ɗaya cikin sunan Ɗa, sau ɗaya cikin sunan Ruhu Mai Tsarki. Yana nan durƙushe sai a ɗora masa hannu a yi masa addu'a. Bisa ga al'adarsu ta dā, kafin a yi wa mutum baftisma akan karanta masa Matiyu sura 18, inda aka nuna yadda za a sasanta idan ɗan'uwa ya yi maka laifi, kuma sai ya yi alkawari zai bi wannan hanya.

Na uku, kuma wannan shi ne zuciyar ibadarsu, akwai abin da suke kira bukin ƙauna, wanda aka saba yi sau ɗaya ko sau biyu a shekara. A dā, kafin ranar ta zo, dikinoni sukan bi gida gida suna tambaya ko akwai wanda yake riƙe da ɗan'uwansa a zuciya, domin ba a zama teburin nan da gaba. Ranar bukin, bayan kowa ya auna kansa, sai maza su zauna gefe guda, mata gefe guda. A kawo daro da ruwa da tawul. Mutum ya ɗaura tawul a ƙugu, ya durƙusa gaban wanda ke kusa da shi, ya wanke masa ƙafa ya share, shi kuma wancan ya karɓi tawul ya yi wa na gaba, har a zagaye kowa. Suna yin haka ne domin bin gurbin Yesu a daren da aka bashe shi, kamar yadda Yohanna sura 13 ta nuna. Bayan wankin ƙafa sai a ci abinci mai sauƙi tare, daga nan a kakkarya gurasa a sha ƙoƙo, wato Jibin Ubangiji. Abu uku ke nan cikin sujada guda: tawali'u, da zumunci, da tunawa da mutuwar Almasihu.

Na huɗu, idan mai bi ya yi rashin lafiya yana iya kiran dattawan ikilisiya su shafa masa mai a goshi su yi masa addu'a, bisa ga Yakubu sura 5. Wannan bai hana shi zuwa asibiti ba. Na biyar, ba sa yin rantsuwa, domin a ganinsu maganar mai bi ta isa shaida. Na shida, ba sa ɗaukar makami, ba sa ramuwa. Su da Menonayit da Kwaka su ne ake kira ikilisiyoyin salama tun dā. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sa'ad da Kulp yake saurayi, an ɗaure waɗansu samarin waɗannan ikilisiyoyi a Amurka saboda sun ƙi sa kayan soja.

Zuwansa Nijeriya

A ƙarshen 1922 ikilisiyar ta aiko Stover Kulp da abokinsa Albert Helser su nemi wurin da za a fara aiki a Afirka. Suka bar matansu a baya, suka sauka Legas a watan Disamba. Daga nan suka hau jirgin ƙasa zuwa arewa, sa'an nan suka bi hanya da dawakai da 'yan alaro har ƙasar Biu, inda kabilar Bura suke. Gwamnatin Turawan mulkin mallaka ba ta son 'yan mishan su zauna a garuruwan sarakunan Musulmi, saboda haka ba a ba su izinin zama a Biu ba. Aka bar su su sauka a Garkida, wani ƙauye a bakin kogin Hawul, wanda yanzu yake cikin Ƙaramar Hukumar Gombi ta Jihar Adamawa.

Ranar 17 ga watan Maris, 1923, da safe, kafin a fara haƙa harsashin gidansu na farko, Kulp da Helser suka tara ma'aikatan ginin a gindin wata tsamiya, suka karanta Littafi Mai Tsarki, suka yi addu'a. Wannan ita ce sujadar farko. EYN tana riƙe da wannan rana a matsayin ranar kafuwarta, kuma a 2023 ta yi bukin cika shekara 100.

Jarrabawa ba ta daɗe ba ta zo. Matansu sun iso a ƙarshen 1923. A watan Yuni na 1924 Ruth ta rasu wajen haihuwa, jaririn ma bai rayu ba. Kulp bai kai shekara 30 ba ya binne mata da ɗa a ƙasar da ba tasa ba, a lokacin da babu ko mutum ɗaya da ya karɓi baftisma. Da ya tattara kayansa ya koma gida, babu wanda zai zarge shi. Amma bai bar aikin ba. Asibitin da aka gina a Garkida an sa masa sunan Ruth domin tunawa da ita. Ban da wannan baƙin ciki, zamansu a Garkida ma bai tabbata ba sai bayan doguwar kai da komowa da hukuma.

Sai a 1927 aka yi wa mutum huɗu na farko baftisma. Shekara huɗu, mutum huɗu. Ɗalibi mai lissafi zai ce wannan ciniki babu riba. Amma 'Yan'uwa ba sa gaggawar kai mutum ruwa, domin sun gaskata cewa sai mutum ya zauna ya ƙidaya abin da bin Almasihu zai ci masa tukuna. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Aikinsa a Ƙasar Margi da Sauran Wurare

A 1926 Kulp ya sake aure. Ya auri Christina Masterton, 'yar ƙasar Sikotilan, wadda ta riga ta yi aikin mishan a wani sashe na Afirka. Su biyu suka buɗe aiki a cikin kabilar Margi, da farko a Dille a 1927, daga baya suka koma Lassa a 1928. Kulp bai yarda ya dogara ga tafinta ba. Ya koyi Bura, ya koyi Margi, ya yi aikin rubuta harsunan da fassara sassan Sabon Alkawari a cikinsu, domin kowa ya ji maganar Allah da harshen da uwarsa ta yi masa magana. Christina kuwa ta ba da ƙarfinta ga waƙoƙin sujada da aikin mata da yara. Ta rasu a 1952, Kulp ya sake binne mata a ƙasar nan.

Mishan ɗin, wanda mutane suka fi sani da CBM, bai raba wa'azi da aikin hannu ba. Duk inda aka sauka, akan fara da makaranta, da ɗakin magani, da koyar da noma. A 1929 aka buɗe mazaunin kutare kusa da Garkida, inda marasa lafiya daga kabilu masu yawa suka taru, waɗanda suka warke kuma suka koma garuruwansu da bishara da ilimin karatu. An buɗe aiki a Marama, an buɗe a Chibok a 1941. A 1942 mishan ɗin ya kafa makarantar Hillcrest a Jos. A 1952 aka fara makarantun Waka kusa da Biu, inda aka horar da malamai masu yawa. A shekarun nan Kulp ya daɗe yana riƙe da jagorancin mishan ɗin a Nijeriya.

A nan ne labarin ya taɓo ƙasarmu. Abokin tafiyarsa Albert Helser, wanda ya sami gwanintar kula da kutare a Garkida, ya koma mishan na SIM a 1936. Shi ne ya jagoranci aikin SIM a asibitocin kutare na Yadakunya a Kano, da Amanawa a Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina. Duk wanda ya fito daga birnin Katsina ya kama hanyar Batsari ya san Babbar Ruga. Ashe ke nan reshen tsamiyar Garkida ya miƙo har ƙofar gidanmu, ko da yake ba mu da yawan majami'un 'Yan'uwa a wannan yanki.

Daro da Tawul a Zamanin Mulkin Mallaka

Ya kamata ɗalibanmu su tuna da irin zamanin da Kulp ya yi aiki. Lokaci ne da talaka yake cire takalmi ya faɗi gaisuwa idan Bature zai wuce. Amma ka'idar bukin ƙauna ba ta ware Bature ba. Wanda ya zauna kusa da kai shi za ka wanke wa ƙafa, ko manomi ne, ko ɗan makaranta, ko mutumin wata kabila da kakanninka suka yi gaba da ita. Ƙafar da ta sha tafiya cikin ƙura da kaushi ita ce ake sa wa a daro. Wa'azin da ido ya gani ya fi wanda kunne ya ji zama a zuciya. Mutum yana iya yin wa'azin tawali'u shekara goma yana kan mumbari, amma ranar da ya durƙusa da tawul a ƙugu, ranar ce jama'a za su gaskata shi.

Wannan tawali'u ne ya sa Kulp ya dage cewa ikilisiya ba ta 'yan mishan ba ce, dole 'yan ƙasa su karɓi ragamarta. Ba a cika wannan buri da sauri ba, domin kuɗi da shawara sun daɗe a hannun Turawa, kamar yadda ya faru a sauran mishan. Duk da haka an yi ta horar da fastoci da masu bishara. A 1960 aka fara makarantar Littafi Mai Tsarki a Mubi, daga baya ta koma Kwarhi, aka sa mata sunan Kulp. An shirya ta ne domin ɗalibi ya koyi Maganar Allah ya kuma koyi noma, ya iya ciyar da kansa yana hidima a ƙauye. Haka kuma Kulp ba mai son kowa ya ja nasa ba ne. Ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ikilisiyar da ya yi wa aiki tana cikin waɗanda suka kafa Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan a 1955, wadda yanzu ake kira TEKAN, da kuma kwalejin tauhidi ta TCNN da ke Bukuru, wadda ta fara aiki a 1959.

Rasuwarsa

Kulp ya ga ranar da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960. Bayan ya yi fiye da shekara 40 yana hidima, ƙarfinsa ya ragu, ya koma Amurka. Bai daɗe ba ya rasu ranar 12 ga watan Oktoba, 1964, yana da shekara 70. Bai ga cikar burinsa da idonsa ba, domin sai a 1972 ikilisiyar ta sami cikakken 'yancin tafiyar da kanta. A dā ana kiranta Lardin Gabas, sai a 1976 ta ɗauki sunan da muka sani yanzu. Hedkwatarta tana Kwarhi, a Ƙaramar Hukumar Hong. Abin mamaki shi ne, 'yar ta fi uwar girma, domin masu bi na EYN sun ninka na ikilisiyar Amurka da ta aiko Kulp sau da yawa. Zumuntar mata, da ƙungiyoyin waƙa, da ganguna da shantu da rawar sujada, duk 'yan ƙasa ne suka ƙara su, amma baftisma ta nutsarwa sau uku da wankin ƙafa suna nan.

Ranar da Aka Gwada Koyarwar

Koyarwar salama tana da daɗin faɗi a ranar da babu tashin hankali. Gwajinta ya zo shekara 50 bayan rasuwar Kulp. A daren 14 ga watan Afrilu, 2014, 'yan Boko Haram suka sace ɗalibai mata 276 daga makarantar sakandare ta Chibok, kuma mafi yawansu 'ya'yan EYN ne. A watan Oktoba na wannan shekara suka mamaye Kwarhi, shugabannin ikilisiya da ɗaliban makarantar Kulp suka gudu, hedkwata ta koma Jos na ɗan lokaci. An ƙone majami'u masu yawa, an kashe masu bi da fastoci. A watan Fabrairu na 2020 aka kai hari Garkida kanta.

Mutane sukan ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Amma shugabannin EYN ba su kira jama'arsu ga ramuwa ba. Sun kira su ga azumi da addu'a, sun raba kayan agaji ga Kirista da Musulmi, domin masifar ba ta bar kowa ba. A Gurku, cikin Jihar Nasarawa, an kafa mazauni inda 'yan gudun hijira Musulmi da Kirista suka zauna tare. A 2016 Menonayit na ƙasar Jamus suka ba EYN da abokan aikinta Musulmi lambar yabo ta salama mai sunan Michael Sattler. Ba mu ce kowane mai bi ya iya riƙe wannan koyarwa ba tare da kokawa a zuciya ba. Wanda aka kashe wa ɗa ya san nauyinta fiye da mai rubutu. Amma ikilisiyar ba ta sauke ta ba.

Abin Koyi a Gare Mu

Mu mutanen Batsari da Safana ba baƙin wannan magana ba ne. Mun ga abin da 'yan bindiga daga dajin Rugu suka yi wa ƙauyukanmu, musamman a 2019 da 2020, sa'ad da manoma suka bar gonakinsu, iyalai suka watse, Musulmi da Kirista duka. Yaron da ya taso cikin irin wannan hali yana iya girma da ɗaci a zuciya, ya ɗauki kabila guda ko addini guda ya mai da su abokan gaba. Tarihin Kulp da ikilisiyarsa yana nuna mana cewa akwai wata hanya, kuma mutane masu jini da tsoka irinmu sun bi ta.

Ba lalle ne kowace ikilisiya ta yi sujada kamar 'Yan'uwa ba. Waɗansunmu ana nutsar da su sau ɗaya, waɗansu ana zuba musu ruwa a ka, kuma Kirista masu aminci sun sha bamban a kan batun aikin soja da tsaron kai. Amma akwai abin da kowa zai iya ɗauka. Ɗalibin da ya yi faɗa da ɗan ajinsu ya je ya same shi su biyu su sasanta kafin magana ta yi nisa. Wanda aka ba shugabancin ɗalibai ya tuna cewa an ba shi ne domin ya yi hidima, ba domin ya mai da ƙananan yara bayinsa ba. Wanda ya yi alkawari ya cika ba sai ya rantse ba. Malami kuma kada ya karai idan ya shekara huɗu bai ga amfanin wahalarsa ba sai a kan yara huɗu, domin alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Allah ya ba mu zuciyar hidima, ya ba ƙasarmu salama, ya kuma tashe mana daga cikin ɗalibanmu waɗanda ba za su ji kunyar durƙusawa domin 'yan'uwansu ba. Amin.